Na Yafe Abin da Ba Nawa Ba

Ni ne na buɗe baki na ce an yafe. Uban yaron na zaune kusa da ni, kansa a sunkuye, uwar kuma tana cikin gida, ba a ma kira ta ba. An aiko mini Funtua na zo saboda ni ne kawu, kuma ni ne wanda ya yi boko a dangi, malamin gona da ake ganin ya san shige da ficen hukuma. Da wannan matsayi na yanke hukunci a kan ƙafar yaron da bai kai shekara takwas ba, na koma gida ina jin na yi aikin lada.

Abin ya faru ne da damina, lokacin da masara ta fara goyo, sauro ya cika ƙauyukan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi. Zazzaɓi ya kama ɗan ƙanwata, aka kai shi ɗakin shan magani na ƙauyensu. Ma'aikacin lafiyar ba ya nan, ya bar mabuɗi hannun wani saurayi da ke taya shi shara da miƙo kaya, wanda yau da gobe ta sa ya koyi zuƙo ruwan allura, har mutanen gari suna ce masa likita. Shi ya tsira wa yaron allura a tsakiyar ɗuwawu. Ƙanwata ta ce ihun da ya yi daban yake da kukan allura da ta sani. Zazzaɓi ya sauka, amma da yaron ya miƙe sai tafin ƙafarsa ta dama ya ƙi ɗaguwa, yana jan yatsu a ƙasa. Tsofaffi suka ce shan-inna ne. Sai can baya wani likita a Zariya ya yi mana bayani: akwai babbar jijiya da ta bi ta ɗuwawu ta sauka har tafin ƙafa, shi ya sa ake koya wa duk mai allura ya tsaya a sashen sama ta waje, ƙananan yara kuwa gwamma a yi musu a cinya. Allurar ta sami jijiyar. Ya ƙara da cewa da an fara gashi da wuri, da an sami sauƙi fiye da haka.

Kafin a kai ga Zariya an riga an yi zaman sulhu a zauren mai unguwa. Ma'aikacin ya zo da dattawan gidansu, ya durƙusa, idonsa ya yi ja. Saurayin ko magana ya kasa yi. Mai unguwa ya dube ni ya ce, “Malam, kai muke jira.” Na ce, “Ranka ya daɗe, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba da gangan aka yi ba. Ba za mu raba bawan Allah da abincinsa ba. Mun yafe duniya da lahira.” Zaure ya ɗauki kabbara, aka yi ta sa mini albarka. Suka ajiye ɗan abin da bai kai kuɗin buhun masara biyu ba, suka ce a yi kuɗin mota. Da na shiga cikin gida na faɗa wa ƙanwata, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, “To Yaya, ƙafar fa?” Na ce mata ta yi haƙuri.

Ba zan ce hujjojina na ranar shirme ne duka ba. Ɗakin shan maganin nan shi kaɗai ne a yankin, kuma kowa ya san yadda rashin tsaro ya kori ma'aikata daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara. Wanda ya yarda ya zauna, ba a so a yi abin da zai sa ya tattara nasa ya nasa. Shari'a a kotu tana cin shekaru, manomi kuwa ba ya da rarar da zai riƙa biyan lauya da kuɗin mota zuwa Funtua duk ranar zama. Ga zumunci: gidan ma'aikacin da gidan surukan ƙanwata suna da auratayya. Amma in zan faɗi gaskiya, akwai abin da ya fi waɗannan ƙarfi a zuciyata, wato son a ce Malam mutumin kirki ne, ya kashe wuta. Yabon da na sha a zauren nan da ƙafar wani na saye shi.

Wanda ya fara kwance mini zani malamina ne na zaure a Malumfashi, dattijon da muka yi Risala a gabansa. Na ba shi labarin ne ina jiran ya ce madalla. Sai ya tambaye ni, “Kai waye a wurin yaron?” Na ce kawunsa. Ya ce ko uban da ya haife shi ba ya da ikon kyautar da dukiyar ƙaramin yaro haka kawai, balle kawu. Diyyar rauni dukiyar wanda aka raunata ce, waliyyi amana aka ba shi, ba ya taɓa ta sai ta hanyar da za ta amfani yaron. Ya tuna mini cewa a Mukhtasar na Shehu Halilu, inda ake maganar waliyyin ƙaramin yaro, ba a yarje masa ya karɓi ƙasa da cikakkiyar diyya ba sai in wanda ya yi ɓarnar ba shi da hali. Ko a nan ɗin ma rangwame aka ce, ba shafewa ba.

Na kawo masa maganar ƙaddara. Ya yi murmushi ya ce ai babin diyyar kuskure gaba ɗayansa a kan abin da ba a yi da gangan ba aka gina shi. Da rashin niyya yana ɗauke biya, da ba a rubuta babin ba. Rashin niyya yana ɗauke zunubi da ramuwa, haƙƙin dukiya kuwa yana nan. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa a mazhabar Malikiyya. Ƙafa ɗaya rabin diyya ce, kuma gaɓar da ta shanye ta daina aiki hukuncinta ɗaya da wadda aka yanke. In wani sashe na amfaninta ne ya tafi, masana su ƙiyasta gwargwado. Dinari 1,000 ya kai kilo 4.25 na zinariya, rabinsa ya haura kilo 2. Na tuna kuɗin motar da aka ajiye mana, jikina ya yi sanyi.

Game da masu magani kuwa, ya ce malamai sun bambance mutum uku. Akwai gwanin da ya yi aikinsa yadda masu sana'ar suka san ana yi, da izinin majiyyaci ko waliyyinsa, duk da haka abin ya ɓaci: wannan babu komai a kansa. Akwai gwanin da hannunsa ya kuskure, kamar wanzamin da ya zarce wurin yanka a kaciya: wannan akwai diyya, kuma in ta kai sulusi danginsa na wajen uba ne ke haɗa ta, abin da littattafai ke kira aƙila. Sai na uku, wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da saninsa ba. A kansa akwai hadisin da Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito, mai nuna cewa lamuni yana wuyansa. Ibnu Rushdi ya tattaro wannan bayani a Bidayatul Mujtahid tun ƙarni na 12. Saurayinmu mai shara a sahu na uku yake, wanda ya bar masa mabuɗi kuma ba zai ce babu ruwansa ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wannan ilimi ba daga nesa aka zo da shi ba. Yana cikin littattafan da ake jan baƙinsu a zaurukan Funtua da Bakori da Ƙafur kullum bayan asuba, kuma Jihar Katsina tana aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Mun karanta babin, mun ajiye shi a matsayin karatu, in abu ya faru sai mu koma wa “a bar wa Allah”.

Daga nan na ɗauki zafi, na nufi wani lauya, ɗan abokina, na ce a shigar da ƙara. Ya saurare ni cikin ladabi, sannan ya ce, “Baba, yaushe abin ya faru?” Da na faɗa masa sai ya girgiza kai. Akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati, wadda muka gada tun zamanin Turawa, kuma jihohi suna da irinta: mai son ƙarar ma'aikacin gwamnati a kan abin da ya yi, ko ya ƙi yi, a bakin aikinsa, wata uku yake da shi. A 1998, a shari'ar Ibrahim da hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ba ta tsaya kan mutum mai jini da tsoka ba, ta haɗa da hukumomi. Ya ce akwai ƙofofin da lauya zai iya gwadawa, kamar a nuna an yi aikin da mugun nufi, ko an fita daga hurumin aiki, kuma mai shara da ke yin allura ba aikinsa yake yi ba. Amma duk wanda zai iya biyan diyya mai ma'ana, wato hukumar da ta ɗauki ma'aikacin, da wannan doka zai fara kare kansa. Wata uku a ƙauye ba komai ba ne. Kafin a gama yawon masu magani, a girbe amfani a sami kuɗin zuwa asibitin Shika ko na Dala, lokaci ya ƙare. Ni a ganina wannan wa'adi zalunci ne ga talaka, domin wanda ke jinya ba ya da sukunin neman lauya. Sai dai dokar tana nan, ni kuma da ake taƙama da bokona ban san da ita ba.

Tambayarsa ta biyu ta fi ta farko ciwo: “Ina katin asibiti? Wace allura aka yi masa? Wa ya rubuta ta?” Babu kati. Babu kwalbar. Babu ko takardar da aka rubuta abin da aka yi a zauren mai unguwa, inda ma'aikacin ya amsa laifi da bakinsa a gaban mutane. Ni na hana a rubuta, na ce rubutu alamar rashin yarda ne.

Ya ce in zauna ya nuna mini yadda kotunan Najeriya ke kallon irin wannan ƙara, don kada in ɗauka ganin yaro yana jan ƙafa ya isa hujja. A 2006 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Ojo da Gharoro. Wata mata ce aka yi wa tiyata a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, allurar ɗinki ta karye, guntunta ya zauna a cikinta, hoto ya nuna shi. Kowa zai ce wannan ai magana ta ƙare. Amma ta faɗi a babbar kotu, ta faɗi a kotun ɗaukaka ƙara, ta faɗi a Kotun Ƙoli, inda Mai Shari'a Niki Tobi ya rubuta babban hukuncin. Likitocin sun zo sun yi bayanin cewa allura tana iya karyewa ba tare da sakacin mai ɗinki ba, ita kuwa ba ta kawo wani likita da zai rushe bayaninsu ba. Haka aka yi a shari'ar Abi da Babban Bankin Najeriya: ma'aikaci ya kurmance bayan an yi masa maganin sanƙarau, ya ce magungunan ne, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce bai kawo shaidar masani da za ta tabbatar da sakaci ba. Ma'aunin da kotunanmu ke bi daga Ingila ya zo, daga shari'ar Bolam ta 1957: ba a kama likita in ya yi abin da wani rukuni na ƙwararrun likitoci masu hankali za su ce daidai ne. Wato sai likita ya tsaya ya ba da shaida a kan likita, abin da ba kasafai ake samu ba, musamman a gari irin namu da duk suka san juna.

Na lura da wani abu a nan: ma'aunin Bolam da rabe-raben malamina ba su yi nisa da juna ba. Dukansu suna kare gwanin da ya bi ƙa'ida, dukansu ba su da sassauci ga mai shiga aikin da bai sani ba. Inda suka rabu shi ne wa zai biya. Fiƙihu ya ɗora wa dangi in kuskuren gwani ne, dokar boko ta ɗora wa wanda ya ɗauki mutum aiki. Tun 1961, a shari'ar Igbokwe, kotu ta kama hukumar asibitin koyarwa na Ibadan saboda ma'aikatanta ba su kula da wata mai jego da aka ce a sa mata ido ba, har ta faɗo daga bene ta mutu. Da na san wannan a zauren mai unguwa, da na gane cewa tsoron da nake yi na tsiyata ma'aikacin bai zama dole ba. Neman haƙƙin yaron ba lallai daga aljihun mutumin nan kaɗai zai fito ba.

Mu mutanen Arewa muna da babban misali a gabanmu, amma ba mu cika ɗaukar karatunsa ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, a gwajin da ya shafi yara kusan 200. Yara 11 suka mutu, wasu suka kurmance ko suka shanye. Kamfanin ya tsaya a kan cewa ciwon ne ya yi ɓarnar, kuma iyaye sun yarda da baki. Sai a ƙarshen shekarar 2000 jaridar Washington Post ta tono maganar. A watan Janairun 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce iyalan suna da damar yin ƙara a can a kan gwajin magani ba da yardar mutum ba, kuma a shekarar aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, wanda miliyan 35 daga ciki aka ware wa waɗanda abin ya shafa. Kuɗi na farko, dala 175,000 ga kowane ɗaya cikin iyalai huɗu, sai a 2011 ya fito, shekara 15 bayan abin, kuma sai da aka yi gwajin ƙwayar halitta don tantance wane ne ɗan wane. Shi ma sulhu ne ya raba gardamar. Bambancinsa da nawa shi ne an yi shi bayan an tsayar da magana, an san abin da ake bin juna, an rubuta.

Lauyan ya nuna mini wasu ƙofofi da ba kotu ba. Likita yana da majalisar likitoci ta ƙasa mai kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, wadda ke iya dakatar da shi ko ta soke sunansa. Ma'aikatan jinya da ungozoma suna da tasu, ma'aikatan lafiya na karkara suna da hukumar rajistarsu, masu kemis kuma suna ƙarƙashin majalisar harhaɗa magunguna, kuma lasisinsu bai ba su damar yin allura ba, ko da yake daga Tsiga har Ɗanja ba wanda bai san ana yi ba. Waɗannan ba sa biyan diyya, sai dai su hana a maimaita. Ko takarda ɗaya ban rubuta musu ba a lokacin, saurayin kuwa ya ci gaba da riƙe mabuɗi har ya bar garin don kansa. Yara nawa ya yi wa allura bayan namu, wannan lissafi yana cikin abin da ke hana ni barci wani lokaci.

Na koma wurin ƙanwata da mijinta na ce na yi kuskure, na roƙe su gafara. Mijin ya ce, “Haba Yaya, ai ya wuce.” Ita ba ta ce ya wuce ba, kuma ban ga laifinta ba. Na ɗauki nauyin gashin da takalmin da aka yi masa a Dala, da kuɗin makarantarsa. Malamina ya ce in daina kiran wannan taimako, in kira shi biyan bashi, tunda ni na tozarta haƙƙin. Yaron da kansa, in ya mallaki hankalinsa, shi ke da ikon ya yafe ko ya nema.

Kaka ta zagayo bayan wasu shekaru, injin casar masara ya cinye yatsu uku na wani almajiri ɗan ƙwadago a gonar maƙwabcinmu. Mai injin ya cire murfin bel don aiki ya yi sauri, abin da masu injin da yawa ke yi a yankin nan in buhuna sun yi yawa, rana tana gudu. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, amma ɗan ƙwadagon gona da ake sallama da yamma ba ya cikin rajistar kowa. Aka sake kirana zaman sulhu, na ji dattawa sun fara jera kalmomin da na taɓa jerawa. Na ce a dakata sai an nemo mahaifinsa, a karɓo takardar likita, a kira malami ya faɗi abin da shari'a ta yanka: kowane yatsa ushirin diyya ne, raƙuma goma. Da aka juya shi zuwa naira, zaure ya yi tsit, domin ko an sayar da injin da gonar ba za su kai ba. Mai injin ya ce, “Malam, so kake ka kashe ni?” Na ce a'a, so nake a san abin da ake ragewa kafin a rage.

Uban yaron ya zo daga wajen Musawa. Da malami ya tabbatar mai injin ba shi da halin biya duka, aka daidaita a kan kuɗin magani gaba ɗaya, da saniya mai ciki da sunan yaron, da buhunan masara da za a riƙa ba shi kowace kaka har shekara biyar. Sauran masu injin na yankin suka haɗa wani abu daga ciki, don kowannensu ya san gobe yana iya zama shi. Aka rubuta da boko da ajami, mai unguwa da liman suka sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Abin da aka bayar bai kai ko kusa da diyyar ba, kuma ban tabbata alƙali zai ce ya wadatar ba. Mai injin ya mayar da murfin bel, ya biya kaka biyu ba gardama, ta uku sai da aka kai masa takardar har gida. Har yau in mun haɗu a kasuwar Bakori gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki.